Ƙwayar da Aka Raɗa wa Suna "Mai Wuya"

Duk wanda ya taɓa jinyar tsoho a asibiti ya san wannan. An kwantar da shi saboda ciwon huhu, an yi kwana goma ana ɗura masa maganin kashe ƙwayoyin cuta, ƙirji ya fara sauƙi, sai zawo ya ɓalle, mai ɗoyi, ba ya tsayawa. Masu jinya kan ce magani ne ya yi masa ƙarfi. Da gaskiyarsu, domin maganin ya share ƙwayoyin kirki da ke tsaron hanji, ya bar fili ga wata da ba ta jin sa.

A 1935 Hall da O'Toole suka fara ganin ta a Amurka, cikin kashin jarirai masu lafiya. Ta ba su wuya wajen tsirowa a ɗakin gwaji, shi ya sa suka raɗa mata suna mai ma'anar "mai wuya". A yau Clostridioides difficile ake ce mata. Sai a 1978 aka tabbatar gubarta ce ke kumbura babban hanji bayan shan magani.

Sanin sunanta bai wadatar ba. In mutum biyar sun kamu a ɗaki ɗaya, junansu suka shafa wa, ko kowa da tasa ya zo? Amsar ta fito daga ƙwayoyin gadonta. Akwai wani tsakani a cikinsu da tsawonsa ke bambanta daga dangi zuwa dangi. In aka ninka shi da na'ura, sai ya fito layi-layi, a karanta shi kamar yadda ake gane Bagobiri da tsagar fuskarsa. A 1999 masana a Kadif ta Birtaniya suka jera iri 116, kowanne da lambarsa.

Lamba 027 ce ta nuna amfanin aikin. Tun daga 2003 ta yi ta kisa a asibitocin Kebek ta Kanada da na Stoke Mandeville a Ingila, kuma lambar ce ta fallasa cewa dangi ɗaya ne ya tsallaka teku, bayan ya daina jin magunguna irin su siprofloksasin. Sannan a 2013, da aka karanta gadon ƙwayar gaba ɗayansa a yankin Oksfod, aka iske kashi 35 cikin ɗari kawai na masu cutar ne tasu ta yi daidai da ta wani majinyacin da ya riga su. Ashe da yawa daga wani wuri suke kwaso ta.

Nan ne maganar ta shigo mana gida a Abijan. A 2014 masu bincike na ƙasar nan, Kodebuwa, suka buga sakamakon gwajin dafaffen naman sa da ake sayarwa a titunan birnin: cikin samfuri 395, kusan kashi 12 cikin ɗari na ɗauke da ita. Wannan ya taɓa ni, domin tukubar shukuya a Tireshbil da Ajame sana'ar 'yan'uwanmu ce, da ita aka ciyar da gidaje har Maraɗi da Tawa. Ƙwayar tana ƙulle kanta cikin ɓawo mai jure zafi, ruwan goge hannu mai barasa ma ba ya kashe ta. Sai sabulu da ruwa a hannu, jabel a kan tebur.

Ga kuma kasuwar Roksi a Ajame, inda ake zube kafso a faranti, mutum ya sayi ƙwaya huɗu ba takardar likita, ya sha saboda ciwon ciki, yana share wa mai wuya hanya bai sani ba.

Cibiyar Pastor ta Kodebuwa tana aiki tun 1972, babban asibitin koyarwa na Tireshbil kuma yana karɓar marasa lafiya daga ko'ina cikin ƙasar. A Kef Tawun ta Afirka ta Kudu an gano cewa lamba 017 ce ke damun masu tarin fuka a asibitocinsu. Burina likitan da ke tsaye kan gadon tsohonmu a Tireshbil shi ma ya aika samfuri cibiyar Pastor da ke Kokodi, a dawo masa da lamba kafin a sallami na gadon kusa.