Majalisar Gari da Mutanen Sabo, Daga Zamanin Mapo Zuwa Yau

Kwanakin baya, a wata kasuwa da nake kai kaya, muka wayi gari an ƙara mana kuɗin rumfa. Muka tambayi mai yanka rasit, ya ce ai majalisa ce ta zauna ta yanke. Yaushe ta zauna, wa ya kawo maganar, wa ya yi musu? Babu wanda ya sani a cikinmu, mu kuwa mun fi mutum talatin. Muka biya, muka koma gindin inuwa muna gunaguni. Abin ya tsaya mini a rai, shi ya sa na ce bari mu waiwayi yadda aka yi muka saba da jin hukunci bayan an gama yanke shi.

Jirgin ƙasa ya iso Ibadan a 1901, bayan kamar shekara goma ya kai Kano. Daga nan fataucin shanu da goro ya bunƙasa, kakanninmu suka yi ta sauka Badun, kamar yadda tsofaffi ke kiranta. Da farko a cikin gari suke zaune, a gidajen Yarbawa. A 1916 aka yanka musu wannan fili aka ce su koma, shi ne Sabo. Turawa ba su son magana da taro, sun fi son mutum ɗaya da za su kama idan wani abu ya faru. Saboda haka komai ta hannun Sarkin Hausawa yake bi: haraji, rigimar fili, baƙon da ya sauka, ɓarawon da aka kama. Sarki ya je wajen Bale, wanda daga baya sarautarsa ta koma Olubadan, ko wajen Di'o, ya dawo ya faɗa wa masu gidaje, su kuma su faɗa wa dillalai da yaransu.

Ba zan raina wannan tsari ba, don ya riƙe unguwa shekaru masu yawa. Mai shanu ya taho daga Arewa ya bar dukiyarsa a hannun mai gida, a sayar wa mahauta bashi, ba takarda ba sa hannu, kuɗi kuma su fito. Amma ya bar mana wata ɗabi'a: harkar hukuma ta manya ce, talaka ya jira a gida a kawo masa labari.

A 1929 aka buɗe zauren Mapo a kan tudu, can ne majalisar gari ke zama. Sai dokar ƙananan hukumomi ta Jihar Yamma ta 1952 ta zo ta juya al'amura. Iko ya fara fita daga hannun sarakuna yana komawa hannun kansiloli da aka zaɓa. Ma'ana, ƙofar da Sabo ta saba ƙwanƙwasawa ta rage ƙarfi, an buɗe wata sabuwa wadda sai da ƙuri'a da jam'iyya ake shiga. Wani Bature mai bincike, Abner Cohen, ya zauna a unguwar nan a 1962 zuwa 1963, ya rubuta littafi a kanmu. A fahimtarsa, da mutanen Sabo suka ga wannan sauyi sai suka ƙara dunƙulewa a cikin gida: ɗarikar Tijjaniyya ta yi ƙarfi, a 1952 kuma suka tsayar da Juma'arsu daban da babban masallacin gari. Ni dai a matsayina na mai jan salla ba zan yarda cewa siyasa kaɗai ta sa mutane suka riƙe wuridi ba, Bature bai san daɗin zikiri ba. Amma ta gefe ɗaya ya faɗi gaskiya. Mun gyara cikin gida sosai, zauren majalisa kuma muka bar wa masu gari.

To, me ya faru a zauren? A 1954 Adegoke Adelabu, wanda ake wa laƙabi da Penkelemesi, ya zama shugaban majalisar gundumar Ibadan. Talakawan gari suna sonsa ƙwarai. Ba a daɗe ba ƙorafi ya yi yawa a kan yadda ake tafiyar da kuɗi da ɗaukar ma'aikata, gwamnatin jiha ta kawo wani Bature mai suna Nicholson ya yi bincike. A 1956 aka rushe majalisar. Magoya bayansa suka ce bi-ta-da-ƙulli ne na jam'iyyar Awolowo, abokan hamayya suka ce gaskiya ce ta fito. Abin lura a nan, mutanen gari ba su ji cikin littafin kuɗin majalisarsu ba sai da baƙo ya zo daga Ingila ya buɗe shi.

Wanda ya fi wannan zafi shi ne na Agbekoya. Lokacin yaƙin basasa, sojoji ke mulki, babu zaɓaɓɓun kansiloli, an ƙara haraji, kuɗin koko kuma ya faɗi. Manoman ƙauyukan da ke kewaye da gari suka gaji da masu karɓar haraji da duba-gari da kuɗin tasha da na kasuwa waɗanda ba su san inda suke zuwa ba. A watan Nuwamba na 1968 suka yo gayya suka nufi Mapo, aka yi harbi, aka rasa rayuka. A Satumba 1969 suka fasa gidan yarin Agodi suka saki mutanensu. Sai da Awolowo da kansa ya je ya zauna da shugabansu Tafa Adeoye, aka rage haraji, sannan ƙura ta lafa. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, yakan ce a kwanakin nan ko goro ba ya fitowa daga ƙauye, kowa a Sabo ya ji a jikinsa, alhali ba mu da hannu a rigimar. Zaman da aka ƙi yi da manoma tun farko, shi aka dawo aka yi bayan an binne mutane.

Gyaran 1976 ya mai da ƙaramar hukuma mataki na uku na gwamnati a duk ƙasa. A 1991 aka raba ƙwaryar birnin Ibadan gida biyar, mu muka faɗa Ibadan ta Arewa. Tsarin mulki na 1999 ya ce dole a zaɓi majalisun nan, ya kuma jera ayyukansu. Ku saurari jerin, don Allah: kasuwanni, tashoshin mota, mayanka, maƙabarta, kwashe shara, rajistar haihuwa da mutuwa da aure. Wallahi kamar an zauna an rubuta rayuwar Bahaushen kurmi ne. Duk da haka a jihar Oyo an yi kusan shekara goma ba zaɓen ƙananan hukumomi, sai kantomomi, har 2018. Waɗanda aka zaɓa ɗin ma aka sallame su a 2019, Kotun Ƙoli ta ce a 2021 sallamar ta saɓa doka. Wanda gwamna ya naɗa, ai gwamna yake wa bayani, ba mai tireda ba.

Yanzu abubuwa biyu sun sauya. Akwai dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, wadda ta ba ɗan ƙasa damar rubuta takarda ya nemi bayanin hukuma. Akwai kuma hukuncin Kotun Ƙoli na Yuli 2024, cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, kantomomi kuma ba su da hurumi. Idan kuɗin suka sauko ƙasa ba mai kallo, an dai canja wa kura wurin kwana ne.

Uzurin da muke bayarwa shi ne mu baƙi ne, kuma da Turanci da Yarbanci ake zaman. Unguwar da ta haura shekara ɗari, wane irin baƙunta ne wannan? 'Ya'yanmu da aka haifa a nan sun fi wasu Yarbawan iya karin magana da Yarbanci, cikinsu akwai lauyoyi da malaman makaranta. A addini ma muna da sura guda mai suna Shura, kuma kowa ya san labarin mutumin da ya tashi a bainar jama'a ya tambayi Sayyadina Umar inda ya samo ƙarin yadin rigarsa, aka kuwa ba shi amsa.

Ba na cewa a tsallake fada. Sarki da dattawa suna da aikin da ba mai iya yi musu, an ga haka lokacin rikicin kasuwar Shasha a Fabrairu 2021. Abin da nake nema ƙarami ne. Kansilanmu ya riƙa sanar da ranar zama da abin da za a tattauna, a liƙa a ƙofar masallatai da Hausa. Kwamitin unguwa ya tura matasa biyu kowane zama, su zauna a baya da biro da takarda, su karanta mana bayan sallar Juma'a. Kasafin shekara kuma a nemi kwafi, a fassara shafin kasuwa da na shara. Na yi wa abokan rumfata wannan magana, uku sun ce za su je zama na gaba idan an samo ranar. Ɗaya ya ce sai dai in ni zan biya masa kuɗin acaba, na ce na ɗauka.