Gadon Gini a Hannun Magini Yake: Daga Majami'un Turai zuwa Wusasa da Yama

Idan ana maganar tsofaffin majami'un Turai, yawancin masu nazari kan jingina daɗewarsu ga dutse. Wannan maƙala tana da wata hujja dabam: abin da ya tsayar da waɗannan gine-gine shi ne zuriyar magina da ba ta yanke ba. Fahimtar haka tana da amfani ga ƙasar Hausa, inda ginin ƙasa ke ja da baya a gaban siminti da kwano.

A ɗauki babbar majami'ar Kolon ta Jamus. An aza harsashinta a 1248, ba a kammala ta ba sai 1880, kuma har yau tana da ma'aikatar masassaƙan dutse ta dindindin, masu cire dutsen da ruwa da hayaƙi suka ci su sa sabo. Haka nan Notre-Dame ta Paris, wadda aka fara a 1163. Da gobara ta cinye rufinta ranar 15 ga Afrilu, 2019, an tara gudummawar sama da Yuro miliyan 800, amma kuɗi ba ya feƙe katako. An sake buɗe ta a Disamba 2024 ne domin akwai sauran kafintocin da suka iya sassaƙa itace da gatari irin na kakanninsu. Ashe dutse ma yana mutuwa, sai dai ya fi ƙasa jan rai.

Misalin da ya fi kusa da mu yana Wusasa, a gefen birnin Zariya. Likita Walter Miller na ƙungiyar mishan ta CMS ya zauna cikin birnin tun 1905, kafin a mayar da mishan ɗin Wusasa a 1929. Majami'ar Saint Bartholomew da aka gina a can a wannan lokaci, maginan Hausa ne suka ɗaga ta da tubali da azara. Majami'a irin ta Turai tana buƙatar dogon zaure mai faɗi inda jama'a za su zauna su fuskanci gaba. Azarar giginya kuwa ba ta ɗaukar nauyin rufin ƙasa idan faɗin ɗaki ya wuce kimanin mita biyu. Maganin da magina suka daɗe da sani shi ne bakan gizo: a riƙa ɗora azara bisa azara, kowace tana ɗan zarce ta ƙasa, ana ɗaurewa ana lulluɓewa da ƙasa, har ɓangarorin biyu su haɗu a sama. Matsalar da maginin Turai ya warware da bakan dutse, ita ce na Zazzau ya warware da giginya.

Wannan gwaninta ba daga mishan ta zo ba. Kusan shekara ɗari kafin nan, a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya da bakuna da tulluwa waɗanda har yanzu masana gini ke nazari. Saboda haka majami'ar Wusasa, ko da yake wurin ibadar Kirista ce, shaida ce ta iyawar maginin Hausa, kuma asararta asara ce ga Musulmi da Kirista baki ɗaya.

Mai musu zai ce ginin ƙasa wahala ne, kowace damina sai an yi yaɓe, an duba indararo, an toshe tsaga. Zai ƙara da cewa giginya ta yi ƙaranci, makuba da laso kuma sai an sha nema. Wannan gaskiya ce, kuma ita ce ke sa magidanci a gari kamar Bader Goula, a arewacin jihar Maradi, ya sayi bulo da kwano da zarar ya sayar da dabba ko amfanin gona. Ba a zarginsa. Amma shi ma ya san bambancin kwana a soro da kwana ƙarƙashin kwano a watan bazara. Abin da ya kamata a lura kuma, yaɓen nan da ake kuka da shi, shi ne makarantar da yaro ke koyon sana'ar. A Jenne ta Mali, inda gari ke fitowa duk shekara a yaɓe babban masallacin da aka gina a 1907, har gobe akwai magina. Inda aka daina yaɓe, magini ya fara gushewa, sannan bango ya bi shi.

Nijar tana da nata abin nuni. A ƙauyen Yama na jihar Tawa, magini Falke Barmu ya fara masallacin Juma'a na ƙasa a 1962, ya ci gaba da gyara shi da ƙara masa hasumiyoyi, har ginin ya sami lambar yabo ta Aga Khan a 1986. Ya kai wannan matsayi ne domin mutanen gari sun yi ta kai ruwa da ƙasa da itace, maginin kuma yana tare da su.

Abin da ya dace a ɗauko daga Turai ke nan shi ne tsarin riƙe magini. Duk hukumar da ta sanya wani masallaci, fada ko majami'a cikin kayan tarihi, ya kamata ta ware kuɗin yaɓe na shekara-shekara, ta ɗauki Sarkin Magina da yaransa aiki, ta kuma sa a dasa giginya da ɗorawa. Giginya tana ɗaukar shekaru masu yawa kafin ta isa azara, don haka wanda ke son jikansa ya ga bakan gizo a soro, yanzu ne zai binne ƙwallon.