Marchpane: Sunan Da Ya Fito Daga Mazubi

Kafin Turawan Ingila su ari "marzipan" daga Jamusanci, har ta kankama a ƙarni na 19, "marchpane" suke kiran wannan alewa. Niƙaƙƙen almon ne ake kwaɓawa da sukari da ruwan wardi, a shimfiɗa shi kamar faifai, a gasa sama-sama, a gidajen masu hali har a manna masa ganyen zinariya. Shakespeare ya ambace ta a wasan kwaikwayonsa Romeo and Juliet, inda wani bara ke roƙon a rage masa ɗan gutsure bayan liyafa.

A ganina, asalin sunan na mazubi ne, daga baya ya koma kan abin da ke ciki. A tsohon Italiyanci kalmar, wato "marzapane", na nufin ƙaramin akwati da ake zuba kayan zaƙi, kuma masana da dama na danganta shi da Martaban, tashar jiragen ruwa a ƙasar Bama wadda tulunanta suka yi suna har Larabawa suka riƙa kiran irin tulun da sunan garin. Mai musu zai ce ai kalmar ta fassara kanta: "march" watan Maris, "pane" burodi a Italiyanci. To amma alewar ba burodi ba ce, ba kuma ta da wata alaƙa da Maris. A bukukuwan aure da Kirsimeti aka fi cin ta. Kunne ne kawai ya ji baƙuwar kalma, baki ya lanƙwasa ta zuwa abin da ya saba.