Tarihin Sulhu a Ƙagaggun Labaran Kimiyya: Daga 1945 Zuwa Rushewar Tarayyar Sobiyet

Da yawa daga cikinmu in an ambaci finafinan sararin samaniya, abin da ke zuwa mana a rai shi ne harbe-harbe da wasu halittu masu ban tsoro da suka zo cinye duniya. Wannan salon tsoho ne, tun littafin H. G. Wells mai suna The War of the Worlds na 1898, inda mazauna duniyar Mars suka sauko Ingila suna ƙone duk abin da suka tarar, babu zama babu tattaunawa. Amma akwai wani reshe na wannan adabi da bai kai wancan suna ba, wanda damuwarsa ita ce yadda al'ummomi biyu masu tsoron juna za su ajiye makamai. Tarihinsa yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da Yaƙin Cacar Baka tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyet, shi ya sa na ga ya dace mu bi shi daki-daki.

A watan Mayun 1945, watan da Jamus ta miƙa wuya, mujallar Astounding ta Amurka ta buga gajeren labarin Murray Leinster mai suna First Contact. Kumbon 'yan Adam ya yi kiciɓis da kumbon wasu halittu a can cikin taurari, nesa da gidan kowa. Suka koyi magana da juna, har suka ga jininsu ya haɗu. Matsalar ita ce babu wanda zai iya juyawa gida. In ka juya, wa ya tabbatar maka ba za a bi sawunka a gano inda mutanenka suke ba? Kyaftin ɗin kowane ɓangare mutumin kirki ne, amma kowanne ya san amanar dukan jinsinsa na wuyansa, don haka lissafi ya nuna musu cewa dole ɗaya ya hallaka ɗaya. Mafitar da suka samu ita ce musayar kumbo: kowa ya cire makamai da duk abin da zai nuna hanyar gida daga nasa jirgin, ya miƙa wa ɗaya, sannan su sa ranar sake haɗuwa a wannan wurin. Ku lura, ba yarda da juna ce ta cece su ba. Tsari suka ƙirƙiro wanda zai yi aiki ko da babu yarda. Bayan wata uku aka jefa bam a Hiroshima, tambayar Leinster ta tashi daga tatsuniya ta koma ta shugabannin ƙasashe.

Labarin bai yi wa marubutan Sobiyet daɗi ba. A ƙarshen shekarun 1950 Ivan Yefremov ya mayar da martani da nasa labarin, wanda aka fassara da Heart of the Serpent, har ya sa matuƙan kumbonsa suka zauna suna sukar labarin Leinster. Hujjarsa ita ce duk al'ummar da ta kai matakin tafiya tsakanin taurari, to ta riga ta wuce zamanin yaƙi, kuma zargin da ke cikin labarin Ba'amurken ciwon jari-hujja ne kawai. A ganina Yefremov ya sauƙaƙa wa kansa aiki. Ya kawar da tsoron tun kafin a fara magana, alhali tsoron shi ne gundarin matsalar.

Daga nan sai talabijin ta karɓa. A 1966 shirin Star Trek na Gene Roddenberry ya fara fitowa, shekara huɗu bayan rikicin makamai masu linzami na Kyuba da ya kusa jefa duniya cikin yaƙin nukiliya. A watan Maris na 1967 aka nuna kashi biyu da Gene Coon ya rubuta. A na farko, The Devil in the Dark, wata halitta mai jikin dutse da ake kira Horta ta kashe mahaƙa ma'adinai kimanin hamsin. Aka aika Kyaftin Kirk ya kashe ta. Sai mataimakinsa Spock ya gano cewa dunƙulallun duwatsun da mahaƙan ke fasawa ƙwayayenta ne, wato uwa ce take kare 'ya'yanta. Likitansu ya liƙe mata rauninta da wani abu kamar siminti, aka ƙulla yarjejeniya: ita da 'ya'yanta su riƙa huda ramuka, mahaƙan su riƙa kwasar ma'adinai su kuma bar ƙwan. Ba a ce an manta da waɗanda suka mutu ba, an dai ba kowa abin da zai sa ya ga ribar zaman ɗayan.

Kashi na biyu, Errand of Mercy, shi ne ya fito da Klingon, daular mayaƙa da aka zana ta a matsayin Sobiyet ta sararin samaniya. Ana dab da gwabzawa tsakaninsu da Tarayyar Duniyoyi, sai wasu halittu masu ƙarfin gaske, mazauna Organia, suka sa duk wani makami ya yi zafin da ba ya taɓuwa, suka tilasta sulhu. Kirk ya fusata yana cewa ba su da hurumin shiga tsakani, kafin kunya ta kama shi da ya ji kansa yana neman a bar shi ya yi yaƙin da miliyoyi za su mutu. Sulhun dole ne, irin na babba ya raba yara faɗa, kuma kowa ya san abin da ke biyo bayansa: zaman doya da manja aka ci gaba da yi fiye da shekara ashirin a cikin shirin.

Inda labarin ya yi nauyi shi ne 1991, da fim ɗin Star Trek VI: The Undiscovered Country, wanda Nicholas Meyer ya ba da umarni. Leonard Nimoy, mai fitowa a matsayin Spock, shi ya kawo shawarar a yi fim kan abin da zai faru in katanga irin ta Balin, wadda ta faɗi a Nuwambar 1989, ta faɗi a sararin samaniya. Fim ɗin ya buɗe da fashewar Praxis, wani wata da daular Klingon ta dogara da shi wajen makamashi. Da aka tuntuɓe su, sai suka ce ƙaramin hatsari ne, ba sa bukatar taimako. Wanda ya san abin da ya faru a tashar nukiliyar Chernobyl ranar 26 ga Afrilun 1986 zai gane hoton nan take, domin mahukuntan Mosko sun yi gum har sai da na'urorin ƙasar Suwidin suka gano gurɓataccen iska bayan kwana biyu. Masana a fim ɗin suka ƙiyasta cewa shekara hamsin suka rage wa duniyar Klingon, kuma kuɗin da za su gyara ɓarnar duk sun tafi wajen sayen makamai. Shugabansu Gorkon ya nemi a zauna. An haɗa sunan nasa daga Gorbachev da Lincoln.

Wa za a tura ya tarbo shi? Spock ya ba da sunan Kirk ba tare da ya shawarce shi ba. Kirk kuwa Klingon ne suka kashe ɗansa David a fim ɗin 1984, kuma wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya zabura. Ya faɗa wa Spock ƙarara cewa a bar su su mutu. Nan masu fim ɗin suka yi abin da ba kowa zai yi ba, suka ɗora ƙiyayyar a bakin jarumin da 'yan kallo suka shekara ashirin da biyar suna so. Liyafar da aka shirya wa baƙin ta watse da habaici da gugar zana. A wannan daren aka harbi jirgin Gorkon, wasu mutum biyu suka shiga suka harbe shi, kuma duk alamu suka nuna daga jirgin Kirk harbin ya fito.

Abu biyu ne suka hana yaƙi ɓarkewa. Kirk ya miƙa wuya maimakon ya rama lokacin da Klingon suka juyo masa da makamai, ya haura jirginsu da likita ba tare da bindiga ba. Azetbur, 'yar Gorkon da ta gaje shi, ta ƙi sauraren hafsoshinta masu neman fansa, ta ce taron zai ci gaba, bisa sharaɗin kada a yi yunƙurin ƙwato Kirk da ƙarfi. A kotu aka kunna maganar da Kirk ya naɗa a ɗakinsa yana cewa ba zai taɓa yafe musu mutuwar ɗansa ba, aka yanke masa ɗaurin rai da rai a mahaƙar Rura Penthe mai tsananin sanyi.

Da asiri ya tonu, sai ga shi da ɗan gari aka ci gari. Janar Chang na Klingon, da Admiral Cartwright na Tarayya, da Valeris ɗalibar Spock ta hannun dama, da jakadan Romulan, su suka ƙulla makircin tare. Mutanen da suka rantse ba za a taɓa iya yarda da abokin gaba ba, su ne suka yarda da juna har suka haɗa kai wajen kisa, don kada matsayinsu ya tafi da tafiyar yaƙi. Tarihi bai ƙaryata fim ɗin ba. Anwar Sadat sojojin ƙasarsa ne suka harbe shi a 1981 bayan ya yi sulhu da Isra'ila, Yitzhak Rabin kuma Bayahude ɗan ƙasarsa ne ya harbe shi a Nuwambar 1995. A watan Agustan 1991, an gama ɗaukar fim ɗin ana aikin tacewa, sai ga manyan soja da na hukumar KGB sun tsare Gorbachev a Kirimiya suna neman kifar da shi. A fim ɗin, Kirk ya tsere ya isa wurin taron Khitomer ya hana kisa na biyu, aka sa hannu. Fim ɗin ya fito ranar 6 ga Disambar 1991, Gorbachev ya ajiye mulki ranar 25 ga watan.

Ina da ƙorafi ɗaya a kansa. Klingon sun zo teburin ne saboda ƙarfinsu ya ƙare, kuma fim ɗin bai tsaya ya tambayi yadda wanda aka yi sulhu da shi yana durƙushe zai ji bayan ya miƙe ba. Marubutan da suka biyo baya sun ɗan taɓo wannan. A shirin Deep Space Nine, a 1995, shugaban Klingon mai suna Gowron ya janye daga yarjejeniyar Khitomer saboda Tarayya ta ƙi goya masa baya ya mamaye Cardassia, aka koma harbin juna. Sai a 1997 ya sake sa hannu, lokacin da rundunar Dominion, wadda ta fi ƙarfin kowannensu shi kaɗai, ta shigo yankin.