Labarin kwamfutar dala 100: abin da ya faru a Galadima, Peru da Uruguay

1/ Jama'a, duk sanda aka ce za a raba wa ɗalibai kwamfuta, wani labari nake tunawa. Ni ɗalibar fannin ilimi ce, kuma da so samu ne kowane malami ya san shi. Zaren yana da ɗan tsawo, ku biyo ni.

2/ A Janairun 2005, a taron Davos, Nicholas Negroponte na jami'ar MIT ta Amurka ya sanar da shirin ƙera wa yaran ƙasashe matalauta kwamfutar dala 100. Shirin shi ne One Laptop per Child, wato kowane yaro da kwamfutarsa.

3/ Tushen tunanin daga Seymour Papert yake, wanda ya yi aiki da Jean Piaget. A ganinsa yaro ya fi fahimta idan da hannunsa yake gina abu, yana gwadawa yana gyarawa. Maganar tana kan hanya. Amma masu shirin sun ɗauka na'urar kaɗai za ta yi wannan aikin.

4/ A Nuwamban 2005 aka nuna samfurin a Tunis tare da Kofi Annan. Koriya ce, da mariƙin da ake juyawa don caji. Mariƙin ya ɓalle a hannun Annan a gaban 'yan jarida, daga baya aka cire shi daga tsarin. Da aka fara ƙera ta a ƙarshen 2007, kuɗinta ya kai wajen dala 188.

5/ Najeriya na cikin ƙasashen farko. A 2007 an gwada ta a firamaren Galadima da ke Abuja, kuma gwamnatin Obasanjo ta nuna niyyar sayen miliyan ɗaya. Wutar caji ta zama matsala, aka samu rahoton yara na buɗe shafukan batsa, mulki ya canja hannu. Ba a taɓa sayen miliyan ɗin ba.

6/ Peru kam ta shiga da ƙarfinta, ta raba sama da 800,000, ta fara da ƙauyuka mafiya talauci. Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka ya bibiyi firamare 319 na karkara, ya fitar da sakamako a 2012, bayan wata 15 ana amfani da na'urar.

7/ Kusan kowane yaro ya samu tasa, sun kuma iya sarrafa ta. Amma makinsu a lissafi da harshe bai ɗaga ba. Ɗan ci gaban da aka gani a gwajin kaifin tunani ne. Kun ga an kashe maƙudan kuɗi, karatun yana nan inda yake.

8/ Me ya jawo? Horon malamai na awa 40 ne, wasu ma ba su samu ba. Yawancin makarantun babu intanet. Manhajojin ciki ba a ɗaura su kan darussan aji ba. To malamin da ba a nuna masa yadda zai koyar da rabawa da ita ba me zai yi? Sai ya sa yara su kwafe abin da ke allo su zuba a kwamfuta.

9/ Nan fa gizo ke saƙar. Kwafa a littafi da kwafa a kwamfuta duk haddar aku ce. Fahimta tana zuwa ne idan yaro ya haɗa sabon abu da wanda ya riga ya sani, ya yi amfani da shi, wani ya duba ya nuna masa inda ya kuskure.

10/ Sai Uruguay, ƙasa mai mutane kusan miliyan uku da rabi. Shugaba Tabaré Vázquez ya ƙaddamar da Plan Ceibal a 2007 da irin wannan kwamfutar. Zuwa 2009 kowane ɗan firamaren gwamnati ya samu, aka kuma jona makarantu da intanet.

11/ Su ma binciken farko bai nuna ƙari a lissafi da karatu ba. Amma ba su tsaya a rabo ba. Hukumar Ceibal ta ci gaba da gyaran na'urori da horar da malamai, ta kawo dandalin darussa na CREA da manhajar lissafi mai ba yaro aiki daidai matakinsa.

12/ Wanda ya fi burge ni shi ne Turanci. Ba su da isassun malamansa. Daga 2012, sau ɗaya a mako malami daga nesa, wani ma daga Ajantina ko Filifin, yake koyar da aji ta bidiyo kai tsaye. Sauran darussa biyu na makon malamin ajin ne yake jan su, shi ma yana koyo.

13/ Wato sun fara da gano inda ciwon yake, sannan suka nemo na'urar da za ta magance shi, kuma malamin aji yana nan a matsayinsa. Da korona ta rufe makarantu a Maris 2020, yaransu suka koma CREA, don dama sun saba.

14/ Ku haɗa wannan da maganar Negroponte a 2011, cewa a sauke na'urori daga jirgi mai saukar ungulu a ƙauyuka a bar yara su koya wa kansu karatu. Wallahi har yanzu irin tunanin nan nake ji a bikin rabon kayan makaranta.

15/ Mu da za mu shiga aji gobe, mu riƙa tambaya kafin tafi. Wane darasi ne yara suka kasa ganewa da na'urar za ta sauƙaƙa? Awa nawa aka ware wa horon malami? Ina za a yi caji? Wa zai gyara in ta lalace? A wane harshe manhajar take?

16/ Wanda aka taɓa raba wa na'ura a makarantarsu, ya faɗa mana a ƙasa me aka koya da ita, kuma ina take yanzu.