Madara da ƙurajen fuska: Abin da binciken kimiyya ya gano zuwa yanzu

Cikin shawarwarin da suka fi yawo tsakanin matasa a shafukan sada zumunta akwai wadda ke cewa duk mai son fuskarsa ta rabu da ƙuraje sai ya daina shan madara. A da gyaɗa da soye-soye aka fi ɗora wa laifi, yanzu kuwa madara ta shiga sahu. Zargin yana da tushe a binciken likitoci, har ma wani ɗan Najeriya ne ya jagoranci nazarin da ya fi tayar da maganar. Sai dai abin da masana suka gano bai kai girman abin da ake yayatawa ba, kuma sanin bambancin yana da muhimmanci a ƙasar da yara da yawa ba sa samun isasshen abinci mai gina jiki.

Yadda ƙurajen ke samuwa

Ƙurajen fuska, waɗanda ake kira ƙurajen balaga, na cikin cututtukan da suka fi yaɗuwa a duniya. Ƙungiyar likitocin fata ta Amurka ta ƙiyasta cewa kusan kashi 85 cikin 100 na masu shekara 12 zuwa 24 kan yi fama da su, ko da kaɗan ne. Abubuwa huɗu ne ke haɗuwa su haifar da su: fata ta riƙa fitar da maiƙo fiye da kima, matattun ƙwayoyin fata su toshe ƙofofin gashi, wata ƙwayar bakteriya mai suna Cutibacterium acnes ta hayayyafa a wurin da ya toshe, sannan kumburi ya biyo baya.

Sinadaran jiki da ake kira androjin, waɗanda ke ƙaruwa lokacin balaga a jikin maza da mata, su ne ke zaburar da fitar maiƙon. Gado ma na da babban tasiri. Wani nazari da aka yi a kan tagwaye a Birtaniya, aka wallafa a 2002, ya danganta kusan kashi 81 cikin 100 na bambancin da ke tsakanin mutane wajen kamuwa da ƙurajen ga gado. Saboda haka duk rawar da abinci zai taka, a kan wannan tushe yake taka ta.

Yadda maganar abinci ta mutu ta sake tasowa

A farkon ƙarni na 20 likitocin fata kan hana marasa lafiya wasu abinci. A 1969 aka wallafa wani gwaji a Amurka da aka yi a kan mutum 65, wanda bai ga wani tasiri na cakulan a kan ƙuraje ba. Duk da cewa daga baya an soki tsarin gwajin, ya taimaka wajen sa littattafan likitanci suka shafe shekaru kusan 30 suna koyar da cewa babu ruwan abinci da ƙuraje.

A 2002 wani rahoto na Loren Cordain da abokan aikinsa ya farfaɗo da muhawarar. An duba mutum 1,200 a tsibirin Kitaba na ƙasar Papuwa Niyu Gini da wasu 115 daga ƙabilar Ace a Paraguwai, ba a samu mai ƙurajen ko ɗaya ba. Al'ummomin biyu ba su dogara da madara ko sukari ko fulawa ba. Rahoton bai tabbatar da cewa abincin ne dalili ba, domin gado da yanayin rayuwa ma sun bambanta, amma ya sa masana sun sake buɗe tambayar.

Nazarin da ɗan Najeriya ya jagoranta

Clement Adebamowo, likitan tiyata da ya koyar a Jami'ar Ibadan, kuma ya taɓa shugabantar kwamitin ƙasa kan ɗa'ar binciken lafiya, shi ne ya jagoranci nazarin da aka fi ambato. A 2005, yana makarantar nazarin lafiyar al'umma ta Jami'ar Harbad a Amurka, shi da abokan aikinsa suka wallafa sakamakon bayanan ma'aikatan jinya mata 47,355. An tambaye su abin da suka riƙa ci lokacin da suke sakandare, da kuma ko likita ya taɓa tabbatar musu da ƙuraje masu tsanani a ƙuruciya.

Waɗanda suka fi shan madara sun zarce waɗanda suka fi ƙarancin sha da kashi 22 cikin 100 wajen samun ƙurajen. Abin da ya ba da mamaki shi ne, madarar da aka cire wa maiƙo ce ta fi nuna alaƙa, da kashi 44, yayin da mai cikakken maiƙo ta tsaya a kashi 12. Wannan ya nuna cewa idan har akwai laifi, ba a maiƙon yake ba. Tawagar ta sake bibiyar 'yan mata 6,094 a 2006 da samari 4,273 a 2008, sakamakon ya yi kama da na farko.

A 2018 masu bincike a Denmak suka tattara nazarce-nazarce 14 da suka ƙunshi mutum 78,529 masu shekara 7 zuwa 30, suka ga ƙarin kusan kashi 25 cikin 100 ga masu amfani da kayan madara. A 2020 wani nazari a Faransa a kan manya 24,452 ya ga alaƙa tsakanin ƙuraje da madara, da lemukan kwalba, da kayan zaƙi masu maiƙo.

Ta yaya madara za ta shafi fata?

Bayanin da masana suka fi karkata gare shi ya shafi sinadarai biyu: insulin da wani sinadarin girma da ake kira IGF-1. Madara abinci ce da aka halitta don ɗan maraƙi ya yi saurin girma, kuma shan ta na ɗaga waɗannan sinadarai a jinin mutum. Idan suka ƙaru, sukan ƙarfafa aikin androjin, fata ta ƙara fitar da maiƙo.

Furotin ɗin madarar shanu kashi biyu ne: kusan kashi 80 cikin 100 shi ne mai daskarewa ya zama cuku, sauran kashi 20 kuma yana cikin ruwan da ke tsatsowa. Wannan na biyun ya fi zaburar da insulin, kuma shi ake busarwa a sayar a matsayin garin furotin ga masu ɗaga ƙarfe. Likitoci a ƙasashe da dama sun ba da rahoton matasan da ƙuraje suka feso musu a fuska da baya bayan sun fara shan irin wannan gari.

Inda hujjar ta yi rauni

Duka manyan nazarce-nazarcen nan na lura ne, ba gwaji ba. An tambayi mutane abin da suke ci, aka kwatanta. Irin wannan bincike na iya nuna cewa abubuwa biyu na tafiya tare, amma ba ya tabbatar da cewa ɗaya ne ya haifar da ɗayan. A nazarin 2005, matan sun amsa tambayoyi ne a kan abincin da suka ci shekaru masu yawa da suka wuce, kuma mantuwa na iya gurɓata amsa. Su kansu masu nazarin Denmak sun yi gargaɗin a ɗauki sakamakonsu da taka-tsantsan.

Girman alaƙar ma ƙarami ne. Taba sigari na ninka haɗarin sankarar huhu sau 15 zuwa 30, madara kuwa ko ninki biyu ba ta kai ba. Wani nazari na 2018 da ya bi ta hanyar ƙwayoyin gado a kan manya 20,416 a Denmak bai ga alaƙa tsakanin shan madara da ƙuraje ba. A kan yogot da cuku kuwa, sakamakon ya rabu: wasu sun ga alaƙa, wasu ba su gani ba.

Hujja ta fi ƙarfi a kan abincin da ke saurin ɗaga sukarin jini, kamar farin burodi da lemukan kwalba. A wani gwaji na mako 12 da aka yi a Ostareliya a 2007 a kan samari 43, waɗanda aka rage wa irin wannan abinci sun fi samun sauƙi. Duk da haka, ƙa'idojin da hukumar NICE ta Birtaniya ta fitar a 2021 sun ce babu isasshiyar hujjar da za a ɗora mai ƙuraje a kan wani tsarin abinci na musamman.

Nono, kindirmo da madarar gari

Manyan nazarce-nazarcen sun dogara ne da Amurkawa da Turawa, waɗanda da yawansu ke shan ɗanyar madara kofi biyu ko uku a rana. A ƙasar Hausa abin ya sha bamban. Kindirmo da tsala nono ne da ya kwana ya yi tsami, sun fi kusa da yogot, wanda hujja a kansa ba ta tsaya ba. Yawancin madarar gari da ake sayarwa a ƙananan leda kuwa madara ce da aka cire wa maiƙonta aka maye gurbinsa da man tsirrai, kuma cokali ɗaya ko biyu ake zubawa a shayi. Sau da yawa sukarin da ke cikin kofin da burodin da ke gefensa sun fi madarar cancantar tuhuma.

Akwai kuma batun gina jiki. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuma adadin ya kai kashi 57. Madara da nono na cikin hanyoyin samun furotin da kalsiyam, musamman ga matasa masu tasowa da mata masu juna biyu. Yin watsi da su saboda jita-jita na iya zama gudun gara a faɗa gidan zago.

Abin da likitoci ke ba da shawara

Wanda ya lura cewa ƙurajensa na ƙaruwa idan ya yawaita madara ko garin furotin zai iya ragewa na wata biyu zuwa uku ya gani, tare da neman madadin kalsiyam a zogale, wake, riɗi da ƙananan kifi da ake ci da ƙayarsu. Idan babu canji, babu dalilin ci gaba da ƙaurace mata.

Magungunan da aka tabbatar da ingancinsu sun haɗa da benzoyil feroksayid da adafalin na shafawa, kuma sukan ɗauki mako shida zuwa takwas kafin a fara ganin sauƙi. Maganin isotiretinoyin da ake ba masu tsananin ƙuraje na iya nakasa ɗan tayi, don haka ba a shan sa sai da kulawar likita.

Abin da likitocin fata suka fi gargaɗi a kai shi ne mayukan sauya launin fata masu ɗauke da sinadarin siteroyid, irin su kilobetasol da betametason. Waɗannan su kansu na haddasa ƙuraje, suna kuma sirantar da fata. Man gashi mai kauri na toshe ƙofofin fatar goshi, matse ƙurji kuwa na barin baƙin tabo da kan daɗe a fatar baƙar fata fiye da ƙurjin kansa. Ga mai ƙurajen da suka ƙi ci suka ƙi cinyewa, duba abin da yake shafawa da ganin likitan fata sun fi muhimmanci a kan ƙwaryar fura da nonon da yake sha.