Daga Ƙyauren Ganuwa Zuwa Makullin Fijo

Lokacin da Baturen nan Hugh Clapperton ya iso Sakkwato a 1824, zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya tarar da birni zagaye da ganuwa mai ƙofofi 12, ya kuma rubuta cewa rana na faɗuwa ake rufe su. Yau sai sunayen suka rage a bakin jama'a, irin su Ƙofar Rini, Ƙofar Marke, Ƙofar Kware da Ƙofar Taramniya. Ƙyauren kam tuni ya tafi.

Rufin wancan zamani na ƙarfi ne. Ƙyaure mai nauyi, gungume a tokare, mai tsaro a kusa. A cikin gida kuwa asabari ko tufaniya sun wadatar da ɗaki, mai hali ya ƙara da sakata. Duk wani ƙarfe da ke jikin ƙofa daga hannun maƙeri ya fito, kuma har gobe Maƙerar Assada na nan, unguwar da ƙarar masaba ta ba ta suna. Idan sakata ta cije, maganinta na cikin madafa: man gyaɗa, ko ɗan kitse a shafa da yatsa. Ya kuwa yi aiki, domin ƙarfen maƙeri kauri gare shi, raminsa da faɗi, ƙura ta shiga ta fice abinta.

Bayan Turawa sun ci birnin a Maris ɗin 1903, kwaɗon kanti ya fara kutsowa kasuwa, cikinsa kuma daban ne. Wani Ba'amurke, Linus Yale ƙarami, shi ya daidaita fasalinsa a shekarun 1860: 'yan sandunan tagulla da ba su wuce ƙwayar shinkafa ba, kowane da ɗan sifirin a bayansa mai siririn gashi. Sai haƙoran makulli sun ɗaga kowannensu daidai tsayinsa sannan ciki ya juya. Ɗaya ya maƙale, mai gida ya kwana waje.

Mota ta gaji wannan dabara. A 1949 kamfanin Chrysler ya fito da makullin da ake murzawa inji ya tashi, a 1975 kuma aka fara harhaɗa Fijo 504 a Kaduna, motar da ta mamaye hanyar Gusau da ta Illela. Sai dai Basakkwace ya shigo sabon zamani da tsohon magani a hannu.

Nan ne hunturu yake kama shi. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙura mai laushin gari tana shiga ko'ina, har ramin makulli. Direba ya ji abu ya yi tauri, sai ya tsoma makullin cikin baƙin mai ko man birki ya zura. Ranar farko lafiya lau. Bayan 'yan makonni mai da ƙura sun haɗu sun zama kunu, zafin Afrilu ya daskarar da shi kamar ƙaro. Daga nan sai murɗa da ƙarfi, wani ma har da filaya, rabin makulli ya rage a hannu, rabi a ciki.

Mai yankan makulli a bakin kasuwa ba ya tambayar tarihin mota. Zai zare makullin, ya goga a tafin hannu, ya dubi baƙin da ya fito, ya ce, "Alhaji, wa az zuba mai nan ciki?" Sai ya wanke ramin da maganin feshi mai saurin bushewa, ya hura iska, ya ɗauko fensir na 'yan makaranta ya gurza bakinsa a haƙoran makullin, ya zura ya zare sau biyar ko shida. Garin fensir yana sa santsi, ba ya kuma riƙe ƙura. Wani lokaci ma laifin ba na datti ba ne: sitiyari ne ya kulle, a ɗan girgiza shi hagu da dama makulli ya juya.

Kafin ya miƙa wa Alhaji kayansa, zai cire makullin motar daga cikin tarin na shago, na gida da na sito, domin nauyinsu ne ke cinye cikin ramin a hankali. Mai mota a Sakkwato, hunturu na tafe, a ajiye fensir a aljihun mota, a bar baƙin mai wa inji.